Tirental: Tsohuwar Kalma, Kwana Talatin da Rumbun Gwauruwa

Darasi domin taron ƙungiyoyin gama kai na manoma

A karanta tukuna: 2 Sarakuna 4:1-7 da Yakubu 1:27

 Darasinmu na wannan karo a kan wata tsohuwar kalmar Turanci ne, wadda yawancin Turawa ma sun manta da ita. Watakila wani ya ce, ina ruwan mai garma da kalmar da masu ita suka yar? Dalili shi ne, a bayan kalmar nan akwai labarin manoma irinmu, masu ɗan fili da 'yan dabbobi. Sa'ad da mutuwa ta shiga gidansu, takan bar su da tambaya biyu. Yaya za a girmama wanda ya tafi? Me kuma waɗanda suka ragu za su ci? Sun yi shekaru ɗaruruwa suna fama da tambayoyin nan. Inda suka yi daidai da inda suka yi tuntuɓe, duka abin koyo ne gare mu.

Ma'anar kalmar

Kalmar ita ce trental, mu kuwa sai mu furta ta tirental. Asalinta daga kalmar Latin ce mai nufin talatin. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi waɗanda suka yi makarantar Faransanci za su gane ta nan da nan, gama a Faransanci talatin ita ce trente.

Tirental ita ce Mas talatin da ake yi domin mutum ɗaya da ya rasu. Mas kuwa ita ce babbar sujadar 'yan Katolika, wadda a cikinta ake yin Jibin Ubangiji. A zamanin da muke magana, watau shekaru ɗari biyar zuwa ɗari bakwai da suka wuce, mutanen Ingila duka ekklesiya ɗaya suke bi, ta Roma. An koya musu cewa yawancin masu bi ba sa shiga sama kai tsaye, sai sun bi ta wani wurin tsarkakewa da ake kira Purgatori, kuma addu'a da sadakar masu rai suna rage musu daɗewa a can. Saboda haka mutum kafin ya mutu yakan bar wasiyya a yi masa tirental.

Inda talatin ɗin ya fito

Makokin kwana talatin tsohon abu ne. Haka Isra'ilawa suka yi wa Haruna, haka kuma suka yi wa Musa, kamar yadda za mu gani a Littafin Ƙidaya 20:29 da Maimaitawar Shari'a 34:8. Amma Mas talatin a jere, ana danganta ta da Giregori Babba, wanda ya yi Paparoma daga shekara ta 590 zuwa 604.

Shi da kansa ya ba da labarin a rubuce. Kafin ya zama Paparoma yana da gidan 'yan zuhudu a Roma, inda doka ta hana kowa ya mallaki abin kansa. Wani ɗan zuhudu mai suna Yustus, wanda ya iya magani, ya kwanta ciwon ajali. Sai aka tarar ya ɓoye tsabar zinariya uku a cikin magungunansa. Giregori ya husata, ya hana 'yan'uwa zuwa wurinsa, ya kuma sa aka binne shi a juji tare da kuɗin. Bayan kwana talatin sai tausayi ya kama shi, ya ba da umarni a yi Mas domin Yustus kowace rana har kwana talatin ba fashi. Da kwanakin suka cika, in ji Giregori, mamacin ya bayyana ga ɗan'uwansa cikin dare ya ce ya sami hutawa.

Labarin nan ya bazu ko'ina a Turai. A Ingila ma har aka sami wani iri da ake kira tirental na Giregori, wanda ake rarraba shi cikin shekara: manyan bukukuwan ekklesiya goma, kamar Kirsimati da Ista da Fentikos, kowanne Mas uku. Bayan wannan akwai taron ranar bakwai, da na ranar talatin, da na cikar shekara. Taron cikar wata ɗaya har yanzu 'yan Katolika na ƙasar Ailan suna yinsa.

Nawa ne kuɗinsa?

A nan ne maganar ta zo kusa da rumbu. Tsofaffinmu da suka yi zamani da fam da sule, kafin a kawo naira a 1973, sun san kwabo goma sha biyu ne sule guda. A Ingila ta wajen shekarun 1400 zuwa 1500, abin da aka saba ba firist domin Mas ɗaya kwabo huɗu ne. Mas talatin ke nan kwabo 120, watau sule goma. Lebura kuwa a kudancin Ingila a lokacin nan kwabo huɗu yake samu a yini, magini ko kafinta kwabo shida. Ashe tirental ɗaya ladan lebura ne na kwana talatin cur, ba ci ba sha.

Ga mai hali wannan ba kome ba ne. Sarki Henri na Bakwai, wanda ya mutu a 1509, ya bar wasiyya a yi masa Mas 10,000. Attajirai sukan ba da gonaki da gidaje domin a ɗauki firist na musamman wanda ba shi da wani aiki sai yi musu addu'a har abada.

Talaka kuwa, tun kafin a kai ga maganar Mas, akwai abin da ke jiransa. A wurare da yawa, idan manomin da ke zaune a ƙasar wani ubangida ya mutu, ubangidan yakan ɗauki dabbarsa mafi kyau. Firist na majami'ar garin kuma yakan ɗauki ta biyu, a matsayin hakkin binnewa. Ku duba fa: mutum yana da shanun huɗa biyu, ya mutu yau, kafin mako ya zagayo turke ya zama wayam. Da me gwauruwar za ta yi huɗa?

Abin ya jawo gunaguni ƙwarai. A 1511 jaririn wani ɗan kasuwa na Landan mai suna Richard Hunne ya rasu, firist ya nemi mayafin baftismar yaron a matsayin hakkin binnewa. Uban ya ƙi. Aka shiga shari'a, daga baya aka kama shi da zargin karkatacciyar koyarwa, a watan Disamba na 1514 aka tarar da shi a rataye a kurkukun bishop. Mutanen Landan suka fusata. A 1529 majalisar ƙasar ta yi doka, ta hana karɓar hakkin nan daga mai ƙaramar dukiya, ta kuma ce ko daga attajiri kada ya wuce sule goma.

Rabon masu rai

Amma kada mu ɗauka al'adar duka karɓa ce. Tun da fari addu'ar matattu tafe take da ciyar da masu rai.

A babban gidan 'yan zuhudu na Kuluni a Faransa, idan ɗan zuhudu ya mutu, ba a daina fitar da rabon abincinsa. Ana ba wani matalauci shi kowace rana har kwana talatin. Shugaban gidan nan mai suna Odilo, wanda ya rasu a 1049, shi ne ya tsai da ranar 2 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da dukan masu bi da suka rasu, tare da ba da sadaka. Daga can ranar ta yaɗu zuwa sauran ƙasashe.

A karkarar Ingila ranar nan takan zo bayan an gama girbi, sanyi mai tsanani yana ƙaratowa. Gidajen da ke da hali sukan toya 'yan ƙananan gurasa da ake kira wainar rayuka. Matalauta sukan bi gida gida, a ba su, su kuma su yi wa matattun gidan addu'a. Wani marubuci mai suna John Aubrey ya rubuta a wajen 1686 cewa a yankin Shropshire akan tara wainar nan tsibi a kan tebur, duk wanda ya shigo ya ɗauki ɗaya. A daren da ke gaban ranar akan yi ta kaɗa ƙararrawar majami'a domin matattu. A wani sashi na Lancashire kuma iyali sukan fita gona da dare, maigida ya kunna wa tarin ciyawa wuta ya ɗaga ta sama da cokalin ɗibar ciyawa, sauran su durƙusa suna addu'a har wutar ta mutu.

Da zamani ya juya, addu'ar ta faɗi, wainar ta ragu. Zuwa shekarun 1800 abin ya koma na yara, suna bin gidaje da waƙa ana ba su waina ko 'ya'yan itace ko kwabo. Mu da muka san gumba da masa da ƙosan da maƙwabtanmu Musulmi ke rabawa a sadakar uku da bakwai da arba'in, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ɗan Adam ko'ina yake, in ya yi rashi, hannunsa yakan nemi ya ba wani abinci.

Ƙungiyoyin zumunta

Yanzu mun zo wurin da ya fi shafarmu. Tun da yake talaka ba ya iya biyan sule goma shi kaɗai, sai talakawa suka haɗa kai. A birni da ƙauye suka kafa ƙungiyoyin zumunta a ƙarƙashin majami'arsu, maza da mata tare. A 1388 gwamnatin Sarki Richard na Biyu ta umarci kowace ƙungiya ta aiko da bayanin dokokinta da dukiyarta. Fiye da 500 daga cikin takardun da aka aika a 1389 suna nan har yau, saboda haka mun san yadda suka yi aiki.

Kowane ɗan ƙungiya yana biyan ɗan abu kaɗan a shekara. Idan ɗaya ya mutu, wajibi ne kowa ya zo jana'iza, wanda ya ƙi zuwa ba dalili a ci shi tara. Ƙungiya ce ke kawo kyandir, ita ke biyan Mas. In mamacin bai bar kome ba, ita ke binne shi. Waɗansu ma sun rubuta cewa in ɗan'uwa ya mutu a hanya, za su je su ɗauko gawarsa. A ƙungiyoyi da yawa kowa yakan ba da kwabo ko sisin kwabo a sayi gurasa a raba wa matalauta. Da yawa kuma sun yi alkawari cewa wanda ya talauce ba da laifinsa ba, ta gobara ko sata ko ciwo ko tsufa, za a riƙa ba shi 'yan kwabbai kowane mako.

A ƙauyuka dukiyar ba lalle ta zama tsabar kuɗi ba. Wani yakan bar wa majami'a saniya, a ba wani manomi ita haya, kuɗin hayar ya biya taron tunawa da shi kowace shekara. A wani ƙaramin ƙauye mai suna Morebath, tumakin majami'a a rarrabe suke cikin garkunan jama'a, kowa yana kiwon ɗaya ko biyu, a sayar da gashinsu, a karanta lissafi a gaban kowa. Firist ɗinsu ya riƙe littafin lissafin nan fiye da shekara hamsin, daga 1520 zuwa 1574. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun san haka tun kafin a ƙago sunan gama kai.

Yadda abin ya ƙare

A 1517 Martin Luta ya tashi a Jamus yana sūkar sayar da takardun gafara. Masu gyaran ekklesiya suka ce ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya ga Almasihu, babu Purgatori, babu kuma abin da kuɗin masu rai zai ƙara wa matattu. A 1547, zamanin Sarki Edward na Shida, aka yi doka a Ingila aka rushe wuraren addu'ar matattu fiye da 2,000, aka kuma ƙwace dukiyar ƙungiyoyin zumunta na addini. An yi alkawari za a yi makarantu da taimakon matalauta da ita, amma yawancinta baitulmalin sarki ta shiga. Ekklesiyar Katolika kuma, a babban taronta na garin Trent a 1563, ta tabbatar da koyarwarta a kan addu'a domin matattu, amma ta umarci bishop-bishop su hana duk abin da ya yi kama da neman riba a cikinta. Har yau 'yan Katolika suna yin Mas talatin na Giregori, 'yan Furotestan kuwa ba sa yi.

A ƙungiyoyinmu akwai 'yan ekklesiyoyi dabam dabam. Maganar koyarwa kowa ya kai ta wurin fastonsa ko fadansa. Abin da muke so mu lura da shi a nan shi ne, sa'ad da aka rushe ƙungiyoyin, mutuwa ba ta daina zuwa ba, gwauraye da marayu kuma ba su ƙare ba. Tilas talakawan Ingila suka sake kafa waɗansu ƙungiyoyi na taimakon juna a kan ciwo da binnewa, har gwamnati ta yi musu doka a 1793. Wannan hali na tara kwabo kwabo ne kuma ya sa mutum 28 suka buɗe kantin gama kai a garin Rochdale a 1844, wanda ƙungiyoyin gama kai na duniya ke ɗaukarsa a matsayin mafarinsu.

Mu fa?

Ba mu da ubangidan da zai zo ya kwance sa daga turke. Amma mu tambayi kanmu da gaskiya: sa nawa ne makoki ya kwance a garinmu?

Mun san yadda abin yake. A ajiye gawa a asibiti mako biyu ko uku ana jiran na nesa, kuɗi na hawa kullum. A sayi akwati mai tsada, a yi anko, a ɗauko rumfa da kujeru da lasifika haya, a yanka sa, a yi ta dafa abinci kwana da kwanaki. Bayan wata ɗaya ko shekara a sake wani taron. Ba mugunta ke sa haka ba. Ƙauna ce, da kunya, da tsoron kada a ce gidan wane sun binne ubansu kamar bare. In rasuwar ta zo da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai a ci iri, a ci bashi da ruwa, ko a sayar da amfanin gona tun yana tsaye da araha, ko a jinginar da fadama. Baƙi su watse, a bar gwauruwa da tukwane wayam. Wani lokaci kuma dangin miji su zo su raba abin da ya ragu.

Matar da muka karanta labarinta a 2 Sarakuna 4, mijinta mai tsoron Allah ne, duk da haka mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Annabi Elisha bai tambaye ta irin jana'izar da aka yi wa mijinta ba. Ya tambaye ta abin da ya rage mata a gida, ya kuma tura ta wurin maƙwabta. Yakubu ma ya auna addini na gaskiya da kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ranar makoki ba ranar shawara ba ce, gama mai hawaye ba ya iya cewa a'a. Tun ran gini ran zane. A yi shawarar nan da kaka, sa'ad da hatsi ke hannu, kowa kuma yana da lafiya.

1. A kafa rumbun makoki. A ce ƙungiya tana da mutum talatin, kowa ya kawo tiya biyu ta dawa ko masara da kaka. Tiya sittin ke nan, buhu ɗaya da rabi inda buhu ke cin tiya arba'in. A shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhu mai ninki uku wanda iska ba ta shiga, ko a durom mai murfi, don kada ƙwari su ci. Daga nan za a ciyar da baƙi, rumbun gidan mamaci kuwa a bar shi a rufe.

2. A sa iyaka. A zauna da dattawan ekklesiya da mai unguwa a tsai da kwanakin zaman makoki da irin abincin da za a dafa. Wanda ya zo daga nesa lalle a ba shi abinci da wurin kwana. Amma in doka ta kowa ce, ba gidan da zai ji kunyar bin ta.

3. Abu uku kada a taɓa su saboda makoki: iri, da shanun noma, da gona. A rubuta wannan cikin dokokin ƙungiya.

4. A yi wa gonar gwauruwa gayya sau uku a shekarar farko: ran shuka, ran noman firi, da ran girbi. Kada a sa ta dafa wa masu gayya, kowa ya zo da nasa.

5. A sayi akuya ɗaya ko biyu na ƙungiya, a ba gidan da aka yi rashi kiwo. In ta haihu, 'ya'yan fari na marayu ne, uwar ta wuce gida na gaba.

6. A riƙe rana ta talatin. Mutum uku na ƙungiya, har da mace aƙalla ɗaya, su je gidan. Su yi addu'a da iyalin, sa'an nan su zauna su duba: hatsi nawa ya ragu, wa ke bin bashi, wa ake bi, yara suna zuwa makaranta ko sun daina, gonar kuma tana hannun wa. A lokacin nan ne masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, kaɗaici da yunwa suke fara shigowa. Zumunta a ƙafa take.

7. Magatakarda ya rubuta kowace tiya da ta shiga da wadda ta fita, a karanta a gaban kowa sau biyu a shekara. Rumbun da ba a lissafinsa, ba ɓera kaɗai ke cinsa ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A makoki uku na ƙarshe da aka yi a garinmu, me aka kashe domin baƙi, me kuma ya rage wa iyalin?

2. Cikin al'adun makokinmu, waɗanne ne ke ta'azantar da masu rashi, waɗanne ne kuma muke yi don tsoron bakin mutane?

3. 'Yan zuhudun Kuluni sun ba matalauci rabon mamaci har kwana talatin. Su wane ne a garinmu ba sa samun kome ko da an yanka sa?

4. In ɗaya daga cikinmu ya rasu a watan Yuli, wa zai nome gonarsa? A faɗi sunaye, a rubuta.

5. Yaya za mu yi da maƙwabcin da ba ɗan ƙungiya ba, ko wanda ba addininmu ɗaya ba, in rashi ya same shi?

Shugaban taro ya ba mata dama su yi magana da fari, gama su ne suka fi sanin abin da makoki ke ci, su ne kuma yawanci ake bari da marayu. Abin da kuka shirya, ku rubuta shi, ku ba malamin gona na yankinku kwafi ɗaya domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi. Mutuwa rigar kowa ce, ba mu san wanda za a fara buɗe wa rumbun ba. Allah ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi a cikinmu, ya sa albarka ga aikin hannuwanku.